Godiya bayan dawowarmu daga Lurd

Mun dawo lafiya daga Lurd, wurin ziyarar ibada da ke Faransa, ni da Mama. Godiya ta tabbata ga Ubangiji Yesu Almasihu da ya kai mu ya dawo da mu. Waɗanda zan yi wa godiya sun fi ƙarfin in bi su ɗaya-ɗaya a waya, shi ya sa na rubuto nan.

Zumuntar mata da 'yan kwaya, ku kuka haɗa abin da ya cike mana kuɗin jirgi zuwa Faransa. Allah ya mayar muku da ninki. Fada, mun gode da Misar da ka yi mana kafin mu tashi. Takardun roƙon da kuka ba ni duk na saka su a akwatin da ke cikin kogon da Uwarmu Maryamu ta bayyana, ko ɗaya ban buɗe ba.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai, ko sunansa ban riƙe ba: wani dattijo cikin masu aikin sa-kai, wanda kwana huɗu yana jan keken Mama. Ba ya jin yarenmu, mu ma ba ma jin nasa. Shi ya kai ta har bakin kogon Masabiyel, inda Uwarmu Maryamu ta bayyana ga Banadet, yarinya 'yar shekara 14, har sau 18 a 1858. Dutsen ya yi sumul saboda hannayen da ke shafa shi. Mama ta ɗora nata, ta ƙi ɗagawa, layi ya tsaya a bayanmu. Ni kunya ta kama ni, na fara cewa "Mama, mu je mana." Shi kuwa sai ya yi mini alama da hannu in ƙyale ta. Daga nan ya kai ta famfo ta sha ruwan maɓuɓɓugar da ke cikin kogon, ta wanke fuska, kamar yadda aka umurci Banadet ta yi.

A can marasa lafiya ne a sahun gaba, masu ƙafa su biyo baya. Da ƙarfe 5 na yamma ake fitowa da Jibin Ubangiji a sa musu albarka. Da ƙarfe 9 na dare kuma sai zagayen kyandir, ana jan rosari, kowace al'umma da harshenta. Mama ba ta damu da wane yare ake yi a lasifika ba, nata "A gaishe ki Maryamu, cike da alheri" take yi da Hausa, da ƙarfi kuwa. Hanyar Gicciye ta kan tudu ni kaɗai na hau, a madadinta, kuma gwiwoyina sun gaya mini.

Masu tambayata ko ta tashi ta taka: a'a, a kekenta ta dawo. Cikin dubban da suka ce sun warke a Lurd, kimanin 70 ne kawai Ikilisiya ta amince da su a matsayin mu'ujiza, bayan likitoci sun daɗe suna bincike. Abin da na gani da idona shi ne, matar da ta yi wata takwas ba ta barci sai da kuka, yanzu tana kwana har asuba, ta tashi ta nemi rosarinta.

Ruwan da muka zo da shi jarka biyu ne kacal. Ranar Lahadi bayan Misa ta farko zan kawo, kowa ya zo da 'yar kwalbarsa. Marasa lafiya za a fara ba.