Ranar da muka tara 'yan mazan jiya a Agege

Duk ranar 15 ga Janairu nakan kalli bikin tunawa da 'yan mazan jiya a talabijin: a ajiye furanni a dandalin Tafawa Balewa, a busa bigila, a saki tantabaru. A irin wannan rana ce yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Bana dai na ce wa 'yan majalisarmu ta hira a Agege, ga tsofaffin sojoji nan muna sallah sahu ɗaya da su, amma ko sannu da aiki ba mu taɓa yi musu ba. Muka tsayar da Lahadin da ke biye don mu tara su.

Kuɗi bai ba mu wahala ba. Mahautan Oko-Oba suka ba da nama, 'yan goro suka biya kuɗin rumfa da kujeru. Gayyata ce ta fara kayar da ni. Na tura saƙo ta WhatsApp, kwana uku shiru. Sai da wani dattijo da muke kira Baba Saje ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Yaro, haka ake kiran manya a garinku?" Washegari na bi su gida-gida, na durƙusa na gaida kowa. A zaurukansu na gane ba tsara ɗaya ba ne. Akwai waɗanda suka shiga soja a 1967 gemu bai fito musu ba, akwai 'yan ECOMOG, rundunar wanzar da zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da aka kai Laberiya a 1990, wasu kuma Saliyo daga baya.

Ranar taro na yi babbar kwaɓa. Na jera alhazai da shugabannin ƙungiyoyi a babban teburi, waɗanda aka taru dominsu kuwa suna bakin rumfa, rana na dukan ƙafafunsu. Jawabi shida na tsara, babu na soja ko ɗaya. Ana cikin na uku Baba Saje ya miƙe, da hularsa ta Lijiyon, ƙungiyar tsofaffin sojoji, da lambobinsa a ƙirji, ya nemi makirufo. Wa zai hana shi?

Bai ba da labarin fagen daga ba, wanda shi matasa suka zo ji. Sunaye ya shiga kira, na waɗanda suka tafi tare ba su dawo ba, kowa da garinsu. Yana gamawa wani ya karɓa. Har da wani Bayarabe da wani Tibi da suka biyo abokansu ba tare da na gayyace su ba, suka kira nasu da Hausar bariki. Wani malamin makaranta ya raɗa mini cewa ba abin mamaki ba ne, da Hausa ake magana a soja zamanin Turawa, har lokacin yaƙin Bama, kuma rundunar Najeriya kanta ta samo asali ne daga 'yan Hausawan da wani Bature mai suna Glover ya tara a nan Legas a 1863. Na soke sauran jawaban. Wani alhaji bai ji daɗi ba, har yau gaisuwarmu sama-sama.

Abin da ya fi cin raina shi ne matan mamatan. Sam ban tuna da su ba. Bayan an watse wata tsohuwa ta same ni da hoton mijinta cikin leda, ta ce daga bayan katanga ta ji an kira sunansa. Ta tambaya ko akwai wanda zai duba mata takardun haƙƙinsa, don ta gaji da kai-komo. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, laifina ne." Na haɗa ta da Baba Saje, shi ya san hanyar ofishin Lijiyon.

Yanzu na sayi littafi. Sunayen da aka kira na gaba, na matansu da ke raye na baya. Jumma'a mai zuwa zan shiga Idi-Araba, an ce akwai wasu matan uku a can.