Jibi suna, yau asibiti

Alhamis, Tudun Wada, Zariya

Tun asuba Gwaggo ta hura wuta ƙarƙashin garwa, ta jefa ganyen darbejiya, kafin gari ya waye ta tasa Auta gaba sai banɗaki. Daga tsakar gida ina jin Auta na cewa, "Gwaggo, da zafi," ita kuwa tana ba ta amsa, "To zafin ai shi ne maganin." Haihuwar fari ce, goyon ciki ta dawo gida, kuma duk danginmu Gwaggo ce mai wankan jego. Ba a ja da ita a wannan fanni.

Da suka fito ne hankalina ya tashi. Daga banɗaki zuwa ɗaki ba wata tazara ba ce, amma sai da Auta ta tsaya ta dafa bango tana haki. Silifas ya ƙi shiga ƙafarta. Na danna yatsa a idon sawunta, wurin ya lotsa kamar kwaɓin fulawa, ya ƙi tasowa. Sai da na matsa mata sannan ta ce tun jiya kanta ke sarawa, ta yi shiru ne don kada a ce ta cika raki. Matan da suka kwana suka ce ruwan ciki ne ke sauka, a ƙara mata kunu.

Na kira mijinta ya zo da Keke Napep. Nan fa aka yi ta. Gwaggo ta ce a ina aka taɓa ganin ɗanyar mai jego a titi kafin suna, sanyi ya shige ta wa za a kama? Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, a lulluɓe za mu kai ta, a lulluɓe za mu dawo da ita." Ba ta ce to ba, amma ta miƙo bargo.

A asibiti an auna jininta, ya haura 140 bisa 90, ga shi kuma tana da ƙarancin jini. Tambayar farko da nas ta yi, ko ɗago kai ba ta yi ba: "Kunun kanwa take sha?" Safe da yamma, a babban kofi. Likita ya saurari ƙirjinta, ya ce alhamdu lillahi ruwa bai taru a huhu ba. Ya rubuta maganin hawan jini da na ƙarin jini, ya ce a daina kanwa ɗungurungum, a rage gishiri da Maggi, wanka kuma da ruwan da hannu zai iya daɗewa a ciki. Ya ja kunnen mijin: in ta kasa kwanciya sai a zaune, ko tari ya riƙa tashinta cikin dare, ko ganinta ya yi dishi-dishi, ko jini ya ɓalle, ko zazzaɓi ya rufe ta, a kawo ta ko ƙarfe nawa ne. Jijjigar da hawan jini ke kawowa ba sai mai ciki ba, tana kama mace bayan ta sauka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar ba sabuwa ba ce, kuma a garin nan aka gano ta. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kan yawan ciwon zuciyar da ke kama matan Zariya bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana sa jiki ya riƙe ruwa. Zafi yana buɗe jijiyoyin fata, dole zuciya ta ƙara bugu. A haɗa da macen da ta zubar da jini wajen haihuwa, sai aikin ya fi ƙarfin zuciyar. Gadon wuta ya yi ƙaranci a birni yanzu, amma kanwa tana nan daram a kowane kicin.

Da muna jiran magani na ɗauki katin awonta ina dubawa. Yarinyar nan ba ta yi wasa ba: allurar tetanus, Fansidar, ƙwayar ƙarin jini, hoton ciki, duk ga su a rubuce. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga 4 zuwa 8, kuma mata sun ji wannan kira, je ka ga layi ranar awo. Amma hukumar ta kuma ce a duba mai jego cikin awa 24 da haihuwa, da kwana na 3, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da mako na 6. Wannan kam ban taɓa jin wata ta ambata a gidan barka ba. Ana sauka sai a jefa kati cikin durowa. Masu barka su shigo, su karɓi jariri, a yi ta gardamar hancin wa ya ɗebo, a ce wa uwar "sannu da arziƙi," a wuce zancen anko.

Ni dai ba na cikin masu cewa a watsar da jego. Kwana 40 mace ba girki, ba wanki, ba shara, ga gasasshen nama, ga mai riƙe mata yaro ta samu ta runtsa. Wace mace ce ba ta buƙatar wannan? Kanwar da tafasasshen ruwan kawai nake so a cire.

Bayan magariba na je ɗakin Inna na zauna ƙasa na faɗi abin da likita ya ce. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ita ta haifi tara, duk da kanwa ta yi jegonsu, ga ta nan garau, kuma in ba kanwa me zai kawo nono? Na ce nas ta ce yawan sa yaro a mama shi ke kawo ruwa, da ci da sha. Ta taɓe baki. Inna, wadda tun safe ba ta sa baki ba, ta ce, "Yaya, kin tuna maƙwabciyarmu ta tsohon gida, wadda ta kumbura ta rasu ko arba'in ba ta yi ba? Cewa muka yi iska ne." Gwaggo ta daɗe tana jan carbi. Daga baya ta ce a jiƙa tsamiya.

Don haka daga gobe Auta kunun tsamiya da na gyaɗa za ta sha. Ƙauri kuma na roƙa a ɗebar mata nata kafin a zuba kanwa da gishiri a tukunya. Mijinta zai kai ta a sake auna jinin da safe kafin ya wuce kasuwar raguna. Gwaggo ta ce kunun kanwa kam ba fashi, za ta dama wa baƙi ranar suna, kuma kofin farko nata ne, in akwai likitan da ya isa ya zo ya hana ta.