Na raka mai sayar da kifi kallon kifi a Cape Town

Tun daga watan Nuwamban 2023, mai fasfon Ghana ba ya buƙatar biza in zai shiga Afirka ta Kudu, muddin zamansa bai wuce kwana 90 ba. Don haka da ɗan yayata ya kammala karatu a Cape Town, ya kafe cewa sai mahaifiyarsa ta zo bikin, babu sauran hujjar ƙi. Ni aka ɗora wa rakiya. Yaya Hajiya kuwa, duk mai shiga kasuwar Nima da ke Accra ranar Laraba ya san irinsu: matan nan da ke zaune bayan kwandunan busasshen kifi, da hanci kaɗai suke gane kifin amanin da ya sha hayaƙi sosai da wanda aka yi wa gaggawa. Sana'ar mahaifiyarmu ce ta gada.

Daga Accra zuwa Johannesburg kusan awa shida ne a jirgi, sai wasu biyu zuwa Cape Town, agogonsu kuma yana gaba da namu da awa biyu. An yi biki, an ɗauki hotuna, an yi kukan murna. Mun kuma yi azahar a masallacin Auwal da ke unguwar Bo-Kaap, wanda aka kafa a 1794, masallaci na farko a ƙasar.

Da daddare yaron ya ce, "Kawu, gobe zan kai ku gidan kifaye."

Yaya ta ajiye kofin shayinta. "Na bar kifi a Nima, na hau jirgi na ƙetare duniya, shi ne za ka biya kuɗi ka nuna mini kifi?"

"Mma, waɗannan masu rai ne."

"To, Allah ya ba su tsawon rai."

Amma ta shirya kafin kowa.

Gidan, wanda ake kira Two Oceans Aquarium, yana cikin V&A Waterfront, tsohuwar tashar jiragen ruwa da aka mayar wurin kasuwanci da shaƙatawa. Daga nan ne jirage ke tashi zuwa tsibirin Robben, inda Mandela ya yi shekara 18 daga cikin 27 da ya yi a ɗaure. An buɗe gidan a watan Nuwamban 1995, kuma an tsara shi ne a kan teku biyun da suka rungumi ƙasar: Atlantika ta yamma, Tekun Indiya ta gabas. Na shiga da ayar nan ta Suratur Rahman a raina, mai maganar tekuna biyu da ke haɗuwa, da kuma bidiyoyin da ake ta tura mana a WhatsApp na ruwa mai launi biyu da layi a tsakani. Yaron ya ce ai mahaɗar da aka amince da ita ba a Cape Town take ba, tana Cape Agulhas, tafiyar sama da kilomita 200 a mota, kuma ko ka je ba layin da za ka gani. Bambancin na zafi ne da sanyi. Igiyar Agulhas na gangarowa da ruwan ɗumi ta gabas, igiyar Benguela na haurawa da ruwan sanyi ta yamma, kowace da irin halittunta.

Ɗakunan farko na ƙananan tankuna ne. Ɓangaren ɗumi launi ne zalla, kifaye ja da ɗorawa da shuɗi suna shige da fice cikin murjani. Yaya ta wuce su da kallo ɗaya, ta ce waɗannan ado ne, ba su cika tukunya. Ta ɗan tsaya a wurin dokin teku na Knysna, wata 'yar halitta mai kan doki da ba ta kai tsawon tafin hannu ba, don an gaya mata namijin ne ke ɗaukar ciki: macen ta zuba ƙwai cikin wata jaka a cikinsa, shi ya yi goyo har ya haihu. Ta kalle ni, ta kalli ɗanta, ta ce ashe a wani wurin an yi adalci.

Inda ƙafata ta kafe shi ne dajin ruwa. Tanki ne mai zurfi, cike da wata doguwar ciyawar teku mai ruwan ƙasa da ke tsirowa a gaɓar yamma mai sanyi. Ba ta da saiwa. Ƙasanta na damƙe dutse ne kawai, jikinta bututu ne, samanta kuma akwai ƙullutu mai iska da ke ɗaga ta zuwa hasken rana. A teku takan wuce mita 10. Saman tankin a buɗe yake don rana ta shiga, akwai kuma injin da ke kaɗa ruwan, saboda ciyawar ba ta rayuwa a ruwan da ya tsaya cik. Duk dajin sai ya riƙa rangaji, dama da hagu, kamar gonar dawa da iskar hadari ta shiga, manyan kifaye masu launin azurfa na ratsawa a hankali. Mutane sun zauna a ƙasa suna kallo, har yaran da suka cika gidan da ihu sun lafa a nan.

A gaban wannan tanki na fahimci abin da na tashi ina gani a kasuwa ban san tushensa ba. Iskar kudu maso gabas na tura ruwan sama nesa da gaɓa, sai ruwan ƙasa mai sanyi, wanda ke ɗauke da takin duk abin da ya mutu ya nutse, ya taso ya maye gurbinsa. Rana ta haska shi, ƙananan tsirrai da ido ba ya gani su yawaita, ƙananan kifaye su zo ci, manya su biyo su. Irin wannan tasowar ruwan sanyi tana faruwa a gaɓar Ghana ma, daga Yuli zuwa Satumba, ko da yake abin da ke jawo ta a wurinmu ya ɗan bambanta. Ita ce ke kawo amani. Shi ya sa a da, in Agusta ta kama, lokacin da 'yan ƙabilar Ga ke bikin Homowo, kwale-kwale ke dawowa Jamestown da Chorkor a cike, hayaƙin murhu ya rufe bakin teku, mahaifiyarmu ta sayi kwando a kuɗin da ba ya kai rabin na rani.

Da na yi wa Yaya bayani sai ta ce, "A da ke nan." Ba ta ƙara ba, ban kuma buƙaci ta ƙara ba. Kowa a sana'ar ya san amani ya ragu ƙwarai. Ga manyan jirage masu jan raga da suka yi shekaru suna kwashe har 'ya'yan kifi su sayar a tsakiyar teku, harkar da ake kira saiko, ga masu kamu da fitila. Abin ya kai gwamnati ta soma rufe teku, wato hana kamun kifi na wani lokaci. A ƙasar da kusan kashi 60 cikin 100 na furotin ɗin dabba da mutane ke ci daga kifi yake, yanzu katan-katan na daskararren kifin waje ne ke cika kasuwa. Tsuntsayen fengwin na Afirka da muka gani a bene, masu tafiyar taƙama da kukan jaki, matsalarsu ke nan su ma: ƙananan kifayen da suke ci sun yi ƙaranci, har a 2024 aka sa su a jerin halittun da ke dab da ƙarewa.

Ɗaya daga cikin manyan tankunan gidan an buɗe shi a 2016, yana ɗaukar lita miliyan 1.6, da wata hanya mai tsawon mita 10 da ta ratsa ta ƙarƙashin ruwa. Bangon ba gilashi ba ne, roba ce mai kauri da ake gani ta cikinta garau. Kana tafe, wani faffaɗan kifi mai doguwar wutsiya zai shuɗe ta saman kanka, ka ga farin cikinsa da bakinsa. Yaya ta riƙe hannun ɗanta tana ta salati har muka fita, sannan ta ce a koma.

A tankin kifayen shak na ga haƙora a waje, cako-cako, a bakin da ba ya rufuwa. Ashe wannan nau'in ba mafaɗaci ba ne. Yakan hau sama ya haɗiyi iska don ya iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa. Abin tsoronsa yana can kafin haihuwa: wanda ya fara girma a mahaifa shi ke cinye 'yan'uwansa, shi ya sa uwar ba ta haifar fiye da biyu, ɗaya daga kowace mahaifa. Tambayar Yaya ɗaya ce, ko ya halatta a ci. Na ce a mazhabar Malikiyya abin teku halal ne. Ta auna shi da ido, ta ce sai an yi masa gishiri da yawa.

Sashen kunkurun teku ne ya dame ni. Gidan na da wurin jinyarsu. Jarirai kan ƙyanƙyashe a arewacin KwaZulu-Natal, igiyar Agulhas ta kwaso su zuwa kudu, sanyi ya kama su, teku ta watso su gaɓa, mutane su tsinta su kawo. Da yawansu, in sun fara farfaɗowa, gutsattsarin roba suke kasayarwa. An ba mu labarin wata da ake kira Yoshi, wadda jirgin masunta na Japan ya kawo tana ƙarama a 1997. Ta shekara ashirin a gidan, aka sake ta a Disambar 2017 da na'urar bin sawu a bayanta. Ta haura har Angola, ta juyo, ta ƙetare Tekun Indiya zuwa Ostireliya, tafiyar kusan kilomita 40,000. Ni kuwa babbar kwatar Nima nake gani a idona, yadda ruwan sama na farko ke kwashe ledojin ruwan sha da baƙar ledar wake da shinkafa ya zuba a kogin Odaw, Odaw ta kai tafkin Korle, Korle ta amayar a teku. Mu ma kunkuru na zuwa yin ƙwai a gaɓarmu, wajen Ada.

Ba zan ce komai ya yi mini daɗi ba. Kuɗin shiga na da nauyi in ka mayar da shi sidi, kuma duk faɗin tanki, shak da aka halitta don tafiyar ɗaruruwan kilomita zagaye kawai yake yi, ko da yake sun ce sukan mayar da su teku bayan wasu shekaru.

Da muka dawo na kai labarin majalisarmu ta shayi, na ce kamata ya yi Accra ta samu irin wannan gida, ko ƙarami ne, a Jamestown kusa da hasumiyar fitila, a zuba amani da sauran kifayenmu da ransu, a riƙa kai 'yan makaranta. Yaran Nima da Mamobi na kwana 'yan kilomita kaɗan daga Atlantika, amma yawancinsu a kan dokunu da shito kaɗai suka taɓa ganin kifi. Wani dattijo ya ce, "Malam, ranar da aka ɗauke wuta kwana biyu fa?" Wani ya ce ai ba asara, sai a kira Hajiya ta zo da kwandunanta. Da na gaya mata, ta ce in dai shak ɗin nan na ciki, a tanadi buhun gishiri biyu tukuna.