Tarihin Rayuwata, Kashi Na 31: Hanyar Tokomaru

A makon jiya na tsaya ne a inda mahautar da nake aikin yankan halal a yankin Hawke's Bay na ƙasar New Zealand ta ba mu hutu, ni kuwa na ce wa uwargida ba za mu ƙare shi a zaune a Hastings ba. Wajen ƙarshen shekarar 2023 ke nan.

Mota muka yi haya, irin mai ɗaki a ciki wadda mutanen New Zealand ke yawon hutu da ita. Da gadonta, da murhun gas, da ɗan firji, har da makewayi. Uwargida ta leƙa ciki ta ce, "Malam, wai a nan za mu kwana kamar direbobin tirela?" Na ce mata direban tirela bai taɓa samun katifa irin wannan ba. Ta loda tukunya da garin tuwo da kuka, muka kama hanya.

Da muka wuce Napier kaɗan sai raha ta ƙare. Guguwar Gabrielle ta afka wa yankin ne a ranakun 13 da 14 ga Fabrairun shekarar, ta kashe mutum 11, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a faɗin ƙasa, karo na uku a tarihinta. Mu a cikin gari wahalar wuta da waya kawai muka sha. A kwarin Esk kuwa, gonakin inabi da na tuffa ne suka nutse cikin laka. Watanni sun shuɗe, amma ga tulin laka nan an ture gefen titi, ya bushe ya yi fari, ga gidaje babu ƙofa babu taga. Ni ɗan Haɗeja ne, ambaliya ba baƙuwata ba ce, sai dai tamu ruwa ne ke malalowa ya kwanta. Wannan daga kan tsauni ta gangaro da dare, da ƙasa da itace a cikinta.

A Waikare muka bi layi muka haye gadar ƙarfe ta wucin gadi, mota ɗaya bayan ɗaya, don ruwa ya tafi da ta asali, kuma sai a watan Mayu aka sake buɗe hanyar. Muka yi sallar ƙasaru a Wairoa, muka kwana kusa da Gisborne.

Washegari muka hau babbar hanya mai lamba 35, wadda ke bin gaɓar teku. A Tolaga Bay na ga abin da har yau yake ci mini rai. Garin na da wata tsohuwar gadar jiragen ruwa mai tsawon mita 660, ita baƙi ke zuwa ɗauka hoto. Ni gungume na tsaya kallo. Bakin teku cike da kututture da rassa, wasu an tara an yi dala da su.

Asalin abin shi ne, bayan guguwar Bola ta 1988 ta zaftare tsaunukan yankin, sai aka ƙarfafa dasa bishiyar fayin (pine), wadda ake katako da ita, domin saiwarta ta riƙe ƙasa. Bishiyoyi suka girma, masu katako suka zo suka sare su tsauni guda a lokaci guda, suka kwashe na sayarwa, suka bar ragowar a kwance a gangare. Da ruwa ya sauka mai ƙarfi sai ya kwaso su, su taru a gindin gada su toshe, kogi ya fasa ta gonakin mutane. An ga haka a 2018, an yi ta surutu, aka sake gani a 2023. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin tsohuwar minista Hekia Parata, wadda 'yar yankin ce. A ganina ba a yi wa ruwan sama adalci idan aka ɗora masa laifin duka. Katakon ya tafi ƙasashen waje, tarkacen ya zauna wa talakawan ƙauye, galibinsu Maori, wato 'yan asalin ƙasar, daga ƙabilar Ngati Porou.

Gadar Hikuwai da ta karye ita ta yanke Tokomaru Bay daga kudu har tsawon makonni. Mun haye ta wucin gadi muka gangara garin da la'asar. Ƙaramin wuri ne, tsauni a baya, teku a gaba. A ƙarshen gaɓar akwai kangon tsohuwar mahautar da ake daskarar da nama, wadda aka rufe a 1952, mutane suka watse neman aiki. Da yake sana'ata ce, na daɗe ina zagaya bangonta.

Uwargida na tuƙa tuwo a cikin mota sai wata dattijuwa ta ƙwanƙwasa mana gilashi, riƙe da kifi a leda. Ta tambayi daga ina muke, muka ce Najeriya. Ta ce a lokacin da hanya ta yanke, a zauren taron ƙabilarsu ake dafa wa kowa abinci, kuma gobe akwai taro a can, lallai mu zo da wannan tukunyar.

Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, kukar nan fa ba za ta ishi gari ba."

Yadda miyar kuka ta kaya a zauren Maori, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.