Karatun wutar kara

Ɗan ƙanwata ya nuna mini jadawalin karatun da ya zana, yana ta murna: awa goma kullum, daga Litinin mai zuwa har ranar jarrabawa. Ban yaba ba, na kuma ga ransa ya ɓaci. Amma na san irin wannan takarda tun ba a haife shi ba, na kuma san makomarta. Kwanakin farko a bi ta da zafi, sai ciwon kai, sai a ce bari a ɗan huta, daga nan littafi ya sha ƙura har jarrabawa ta matso. Sannan a kwana a zaune ana cusa wa kai abin da ya kamata ya shiga a hankali cikin wata huɗu.

Haka na yi nawa karatun, kuma abin da ya cuce ni shi ne dabarar tana ci. Ina da saurin hadda, sai in kwashe darasin zango a 'yan darare, in juye a takarda, in sami maki. Ba zan ɗauki laifin ni kaɗai ba. An yi ta ce mana mu yi karatu, ba wanda ya zaunar da mu ya nuna mana yadda ake yin sa, kuma jarrabawa ba ruwanta da abin da za ka tuna baɗi, abin da ke kanka a safiyar nan take nema. Wanda ake saka wa da maki a kan cushe, me zai hana shi cusawa? Sai dai na san wannan uzuri ne. A ajinmu akwai masu zaman awa ɗaya kullum, muna yi musu kallon masu nauyin kai. Abin da suka koya yana nan tare da su. Ni kuwa sai da na koma na sake koyon tushen fannina da girmana, lokacin da aiki da iyali suka riga suka raba ranata. Duk da haka, in aka mai da ni wancan lokaci da wancan ƙuruciya, ban tabbata zan ji maganar wani ba.

Dalilin zubewar cushe sananne ne tun 1885, lokacin da Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa. Ya haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, ya riƙa auna abin da ya saura. Bayan awa ɗaya fiye da rabi ya tafi, bayan kwana ɗaya kusan kashi ɗaya cikin uku ya rage, bayan wata guda kusan ɗaya cikin biyar. Abu mai ma'ana ya fi haka daɗewa, amma yanayin zubewar ɗaya ne: da sauri a farko, sannan a hankali. Duk bitar da aka yi bayan an ba da tazara tana rage saurin mantuwa, shi ya sa awa shida da aka rarraba a kwana shida ta fi awa shida a dare ɗaya. Ga barci kuma, wanda a cikinsa ƙwaƙwalwa ke kafa abin da aka koya da rana. Mai kwana zaune shi yake fara yankewa.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma uku sun isa, in har za ku ajiye wayar ku saurara.

Na farko, ka rage buri. Zaɓi lokaci ɗaya da wuri ɗaya, ka ɗaure karatun da wani abin da kake yi kullum ba fashi, misali da zarar ka gama shirin safe. Fara da minti 30 zuwa 45. Ma'aunin shi ne adadin da za ka iya cikawa a ranar da ka fi gajiya, domin ranar nishaɗi kowa gwani ne. In ka riƙe shi mako biyu, ƙara minti 15. Wayar kuma ta kwana a wani ɗaki. Kife ta a kan tebur yaudarar kai ce, hannu zai kai gare ta. Ina mamakin yaran yanzu, mutum ya ce ba shi da minti 30, alhali wayarsa da kanta tana lissafa masa awannin da ya ƙona yana shafa allo.

Na biyu, daina maimaita karantawa, rufe littafin ka tambayi kanka. A 2006 wasu masu bincike a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada ɗalibai: waɗanda suka sake karanta rubutu sun fi ci in an tambaye su bayan minti biyar, amma bayan mako guda waɗanda suka rufe suka gwada tunowa ne a gaba. Nan tarkon yake, maimaita karatu yana sa ka ji kamar ka iya, saboda idonka ya saba da shafin. Hanya mai sauƙi ita ce ta akwatuna da wani marubuci, Sebastian Leitner, ya fito da ita a 1972. Rubuta tambaya a gaban kati, amsa a baya. Katin da ka amsa daidai ya wuce akwati na gaba, wanda ka kuskure ya koma na farko ko daga ina ya fito. Duba na farko kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako. Manhajar Anki tana yi maka wannan lissafi. Inda ake lalacewa shi ne zari: a zuba sababbin kati ɗari rana ɗaya, bita ta taru, a gudu. Mai ƙara kati 20 kullum zai wayi gari da bitar kusan 200 a rana. Tsaya a kan 10.

Na uku, kada ka tsallake rana. Na san yanzu zan warware maganata, domin binciken Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan, a kan mutum 96, ya nuna fashin rana ɗaya ba ya rushe ɗabi'ar da ake ginawa. Ya kuma nuna ɗabi'a kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki, wasu kwana 18, wasu har 254, don haka zancen kwana 21 da ake yaɗawa kada ya ruɗe ka. To, in ka yi fashi ba a mutu ba. Amma ban yarda in ba ku wannan sassauci kai tsaye ba, don na san yadda kuke: rana ɗaya ta zama mako, sai a zana sabon jadawali mai awa goma sha biyu don rama bashi. Ba a rama bashin karatu da ninki. Washegari ka koma kan minti 30 ɗinka, ko da shafi ɗaya da kati biyar za ka iya, ka sa alama a kalanda ka tashi.