Yaran lokacin korona, wa ya tambaye su ya suke ji?

In aka tado zancen korona mu manya abin da muke tunawa kulle ne da rufe kasuwa da tsadar abinci, to yaran da suka zauna a gida tun Maris ɗin 2020 har wajen Oktoba fa? Ba boko, ba islamiyya, ko ƙwallon yamma a layi sai an faki ido. Wai a bi darasi ta rediyo, alhali rediyon na hannun baba yana jin adadin waɗanda suka mutu, yaro na gefe yana haɗiye komai ba mai ce masa kanzil.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya, kuma matasa na cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. Mu dai ba ma ɗaukar sa ciwo. Yaro ya dawo da fitsarin kwance bayan ya daina, a zane shi. Budurwa ta daina hira ta shige ɗaki da waya har asuba, a ce miskilanci ne ko a nemo mai ruƙiyya.

Ɗan yayata yana ajin ƙarshe a sakandare lokacin, aka ɗage WAEC sai Agusta, ga kakansa ya rasu a watan Afrilun nan da dattawa suka yi ta rasuwa a Kano. Wallahi yaron nan wanke hannu yake yi har fatar ta fara tsagewa, in babarsa ta yi tari sai ya tashi tsakar dare ya tsaya bakin ƙofa yana sauraron numfashinta. Mutanen gida dariya suke masa, wai ya zama likita.

Amma wanda ya fi tsaya min a rai almajirai ne. Gwamnonin Arewa suka yi ta loda su a motoci ana mayar da su jihohinsu, da aka samu wasu da cutar a Kaduna sai kowa ya koma kallon su kamar su suka kawo ta. Yaro ɗan shekara takwas an raba shi da malaminsa da abokansa, an killace shi, an zura masa tsinken gwaji a hanci, ya isa ƙauye kuma maƙwabta na hana 'ya'yansu wasa da shi. Da aka buɗe makarantu an auna zafin jiki a bakin get, an sa bokitin wanke hannu, shi ke nan aka ɗora karatu daga inda aka tsaya.