Daga Makarantar Makafi Zuwa Jami'a: Darasin da Ba a Koya Mini Ba

Ƙyanda ce ta tafi da idanuna ina ɗan shekara biyar, kuma tun daga lokacin mahaifina ya kafa mini doka ɗaya wadda bai taɓa sassautawa ba, wato kada in miƙa wa kowa hannu. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san dalilinsa. Idan aka ce makaho, abin da ke zuwa zuciyar mutane da yawa shi ne sanda da ɗan jagora da ƙoƙon bara, shi kuwa Baba, wanda tela ne a bakin kasuwa, ya ɗaura aniyar cewa ɗansa ba zai bi wannan hanya ba. Ko baƙo ne ya zo gidanmu ya danƙa mini kuɗi saboda tausayi, sai in yi godiya in mayar masa da abinsa. Wannan tarbiyya ta tsare mini mutuncina shekara da shekaru, amma ita ce kuma ta kusa kayar da ni a zangona na farko a jami'a.

A makarantar kwana ta masu buƙata ta musamman na yi firamare da sakandare, kuma a can ban taɓa buƙatar in yi wa kowa bayanin kaina ba. Wasu daga cikin malamanmu makafi ne kamarmu. Da allon burel da tsinkensa muke rubutu, muna huda takarda daga dama zuwa hagu, sannan mu juya ta mu karanta da yatsa daga hagu zuwa dama, kowane harafi kuwa yana fitowa ne daga ɗigo shida ɗin da Louis Braille na ƙasar Faransa ya tsara kusan shekara ɗari biyu da suka wuce. Na san yawan takun da ke tsakanin ɗakin kwana da masallaci, na san inda kwata take, kuma babu wanda zai ajiye bokiti a tsakiyar hanya, domin shi ma gobe zai iya tuntuɓe da shi. Da jarrabawar WAEC ta zo, takardunmu cikin burel suka iso, aka kuma ƙara mana lokaci. Haka ma jarrabawar shiga jami'a: tun 2017 hukumar JAMB ta kafa wani kwamiti na musamman a ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, wanda ke tara ɗalibai makafi a cibiyoyi kaɗan, ciki har da Kano, a ba su masauki da abinci su da 'yan rakiyarsu, a karanta musu tambayoyi da baki su amsa. Duk wannan an yi mini shi ban ce uffan ba, saboda haka na shiga jami'a da zaton cewa haka duniya take tafiya.

Ranar rajista Yayana ne ya raka ni, muka wuni muna hawa bene muna sauka, da la'asar ya ajiye ni a ɗakin kwanan ɗalibai ya koma gida. Washegari na fito da farar sandata na gane cewa taswirar da ke kaina ba ta da amfani a nan. Ga babura, ga motocin da aka ajiye a kan hanyar ƙafa, ga magudanan ruwa a buɗe, kuma wurin da na bi lafiya jiya yau sai in tarar an zube yashi a kansa. Wannan duk mai sauƙi ne, domin ƙafa tana koyon hanya ko da ta sha tuntuɓe. Abin da ya fi ba ni wahala yana cikin ɗakin lakca.

Mu ɗaruruwa ne a aji, malami yana can ƙasa yana magana, sai ya juya ga allo ya ce, "kamar yadda kuke gani a nan," ya ci gaba. Daga wannan jimla zuwa ƙarshen darasi an bar ni a baya ke nan. Tsinken burel ba ya iya bin saurin bakin malamin jami'a, ga kuma ƙaransa na ƙwas-ƙwas da ke sa na kusa da ni su riƙa gyara zama. Takardun darasi da ake rabawa hoto ne da aka kwafa daga wani hoton, wanda ko masu ido suna kukan ba ya karantuwa. Idan an canza lokacin lakca ko ɗakin da za a yi ta, a allon sanarwa ake mannawa, ko a ɗauki hoton sanarwar a tura zauren WhatsApp na aji, wayata kuwa abin da za ta iya faɗa mini kawai shi ne an turo hoto. Sau da yawa na zauna ni kaɗai a ɗakin da babu kowa ina jiran darasin da ake yi a wani gini.

Duk da haka ban gaya wa kowa ba. Da zarar na yi niyyar tunkarar malami, sai in ji kamar ƙoƙon nan ne zan ɗauka, in fasa.

A ranar gwajin farko asirina ya tonu. Aka ajiye mini takardar tambayoyi a gabana kamar kowa, na shafa ta na ji ta sumul, na zauna har aka ce a ajiye alƙalami. Malamin da ya zo karɓar takardu ya tsaya a kaina ya ce, "Kai kuwa, me ya hana ka zuwa ofishina tun farkon zango?" Na ce, "Malam, na ɗauka an sanar da ku." Ya ce babu wanda ya sanar da shi komai, shi dai jerin lambobin rajista aka ba shi, kuma lamba ba ta nuna wanda yake gani da wanda ba ya gani. Na ji haushinsa a ranar, domin mako shida ina zaune a layin gaba da sanda a hannuna. Daga baya na yarda cewa akwai gaskiya a maganarsa, ko da yake ba dukkan gaskiyar ba ce.

Wanda ya fitar da ni daga wannan rami wani ɗalibi ne makaho da ke ajin ƙarshe a wani sashe. Da na ba shi labari sai da ya yi dariya ta ishe shi, sannan ya ce, "Ƙanena, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ba ka nuna ba wa zai hau ya gyara?" Shi ya koya mini rubuta wasiƙa a makon farko na kowane zango zuwa ga shugaban sashe, da kwafi ga jami'in jarrabawa da kowane malami da zai koyar da ni. A ciki nakan faɗi abubuwa ƙayyadaddu: izinin naɗar lakca a waya, a turo mini takardun darasi a rubuce cikin kwamfuta maimakon hoto, a karanta abin da aka rubuta a allo da baki, a tanadi wanda zai karanta mini tambayoyin jarrabawa, a kuma ƙara mini lokaci. Ya hana ni sa kalmar tausayi ko taimako a cikinta. Daga bakinsa na fara jin cikakken bayanin dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, wadda ta wajabta wa makarantun gwamnati, har da manyan makarantu, su zama masu karɓar kowa, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024, kuma duk mai yawo da sanda ko keke a garuruwanmu zai iya faɗin yawan abin da ya canza. Amma ko ba komai, sanin cewa akwai doka ya sauya yadda nake tsayawa a ƙofar ofis.

Malamai ba su zama ɗaya ba wajen amsa wasiƙar. Akwai wadda tun daga ranar take turo mini darasinta kwana biyu kafin lakca. Akwai wanda ya ce ba ya yarda a naɗi muryarsa, muka daidaita a kan wani ɗan ajinmu ya riƙa karanta mini abin da ya rubuta. Akwai kuma wanda ya sa hannu a aljihu zai ba ni kuɗin mota, na ce, "Ranka ya daɗe, takardar darasi na zo karɓa."

Dogon yajin aikin malaman jami'a na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wanda ya cinye wa kowa wata takwas, ni a cikinsa na zauna na koyi kwamfuta sosai da manhajar NVDA, wadda kyauta ce kuma takan karanta duk abin da ke fuskar kwamfuta da murya. Da muka koma na fara rubuta jarrabawa da kaina ba tare da mai rubuta mini ba, kuma wanda bai taɓa yin shifta ga mutumin da ba ya jin wasu kalmomin darasin ba, ba zai san girman wannan 'yanci ba. Matsala ɗaya da har yau nake fama da ita ita ce muryar ta Turanci ce, idan ta gamu da Hausa sai ta riƙa tauna kalmomi, haruffa masu ƙugiya kuwa sau da yawa sai dai in cika su da tunanina. Littattafan laburare ma yawancinsu suna nan a takarda, duk da cewa Najeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh a 2017, wadda ta halatta mayar da littattafai zuwa sigar da makafi za su iya karantawa. Saboda haka har yanzu ina da abokai uku da muke zama bayan isha'i, su karanta mini babi, ni kuma in maimaita musu abin da malami ya faɗa a aji, domin abin da kunnena ya kama ya fi abin da alƙalaminsu ya kama.

Na daɗe ban gaya wa Baba labarin wasiƙun ba, sai a wani hutu da na same shi a shago. Ya dakatar da keken ɗinki ya ce in karanta masa ɗaya, na kunna kwamfuta ina saurare ina fassara masa layi-layi. Da na gama ya ce, "A ina ka ce su dubi Allah su taimake ka?" Na ce, "Babu wannan a ciki, Baba." Ya yi shiru har na ɗauka ransa ne ya ɓaci, sannan ya tambaye ni malamai nawa ne za su koyar da ni a zango mai zuwa. Na ce tara. Ya jawo aljihun teburinsa ya ƙirga kuɗin buga kwafi goma sha biyu ya sa mini a hannu, ya ce in tabbata shugaban sashe ya buga hatimi a kan nawa kwafin kafin in bar ofishinsa, sannan ya mayar da ƙafarsa kan keke.